Mai Salka: Tsiron da Ke Farauta a Ƙarƙashin Ruwa

 

 Masu masaukinmu da suka gayyace ni wannan lacca sun bar mini wuƙa da nama wajen zaɓar abin da zan yi magana a kai. Na zaɓi wani ɗan tsiro na cikin ruwa wanda masana ilimin tsirrai ke kira Utricularia. Zan yi bayanin yadda jikinsa yake, da yadda yake kama abincinsa, da yadda yake girma har ya yaɗu.

Tun muna firamare aka koya mana cewa tsiro yana da saiwa da kara da ganye, yana nan inda ya fito, har akuya ta zo ta ci shi. To wannan da zan ba ku labarinsa ba shi da saiwa, da ƙyar ake bambance karansa da ganyensa, kuma shi ne ke cin dabba. Kada ku ɗauka sai an ƙetare teku ake ganinsa. Yana nan cikin tafkuna da kududdufan fadamunmu.

Ranar da na fara riƙe shi a hannu, ƙarshen damina ne, a wani kududdufi da ke bayan gonar shinkafa. Na hango wasu 'yan furanni ruwan ɗorawa sun leƙo saman ruwa tsakanin bado da kainuwa, kowanne bai kai farcen ɗan yatsa ba. Na sa hannu na jawo, ina jiran in ji saiwa ta tsinke a cikin laka. Babu abin da ya riƙe. Sai abu ya biyo hannuna kamar tsohuwar koma, tsawonsa ya fi kamu ɗaya, ga laushi, yana ɗigar da ruwa. Ina ɗago shi na ji wani ɗan ƙas-ƙas a hankali, kamar an zuba gishiri a garwashi. Na saka shi a kwalba na ɗaga wa rana. A jikin zare-zaren ganyensa akwai 'yan ƙwayoyi ɗaruruwa masu girman ƙwayar gero. Na wajen kai kore ne shar, ana ganin cikinsu, na wajen gindi kuwa sun yi baƙi ƙirin. Baƙin nan ragowar abin da suka ci ne. Ƙas-ƙas ɗin da na ji kuma tarkuna ne suke tashi suna haɗiyar iska, saboda na raba su da ruwa.

Na ɗaya: sunansa da danginsa

Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ne ya shigar da shi littafi da wannan suna a shekarar 1753. Sunan daga kalmar Latin ne mai nufin 'yar ƙaramar jakar fata ta zuba ruwa. Wannan ai salka ke nan. Saboda haka daga yanzu zan riƙa ce masa mai salka, 'yan ƙwayoyin jikinsa kuma in ce musu salkuna.

Nau'o'insa sun haura 200. Peter Taylor na lambun bincike na Kew a Ingila, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana nazarinsu, ya lissafa 214 a littafinsa na 1989, kuma an ƙara gano wasu bayansa. Yawancinsu a cikin ƙasa mai dausayi suke, wajen kashi ɗaya cikin biyar ne ke rayuwa cikin ruwa tsundum, kuma su ne zancenmu na yau. Ana samunsu a kowace nahiya in ban da Antatika. A nan Afirka ta Yamma muna da nau'o'i da dama, daga cikinsu akwai Utricularia stellaris da Utricularia inflexa da Utricularia gibba.

Na biyu: jikin da ba shi da saiwa

Mene ne aikin saiwa? Ta riƙe tsiro a wuri ɗaya, ta kuma zuƙo masa ruwa da sinadarai daga ƙasa. Mai salka ba ya bukatar a riƙe shi, yawo yake a ƙasan fuskar ruwa kaɗan, inda hasken rana ke kai masa. Ruwa kuwa a cikinsa yake kwance, dukan jikinsa ke sha. Don haka tun daga ranar da ya fasa iri har ya mutu ba ya yin saiwa ko ɗaya. Abin da yake da shi dogon zare ne siriri, a kowace gaɓa ganye ya fito ya rarrabu kamar gashi, salkunan kuma suna rataye a jikin ganyen.

Fure kaɗai yake fitarwa waje, domin ƙwari masu kai garin fure ba su nutso. To abin da ba shi da gindin tsayawa, ta yaya zai ɗaga fure sama ba tare da ya kife ba? Ku dubi dabarar stellaris. A jikin sandar furen yana fitar da wasu 'yan kumbura-kumbura farare masu cike da iska, a jere a zagaye kamar tauraro, daga nan ma ya samo sunansa. Suna kwanciya a kan ruwa su tallafe furen, kamar yadda masunci ke kwanciya a kan gorarsa ya yi ta aiki ba ya nutsewa.

Ko a rubutun gadonsa ba ya ɗaukar kayan da ba shi da bukata. A 2013 masu bincike daga Meziko da Amurka da wasu ƙasashe suka karanta kundin gadon gibba, suka lissafa harufa wajen miliyan 82. Na ɗan Adam ya kai biliyan uku. Amma a cikin ɗan wannan kundi suka ƙirga ƙwayoyin gado kimanin 28,500, mu kuwa namu wajen 20,000 ne.

Na uku: tarkon

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne zuciyar maganar.

Girman salka yana farawa daga abin da bai kai rabin milimita ba, mafi girma kuma ya ɗan haura santimita ɗaya. Waɗanda za ku gani a kududdufi yawanci milimita ɗaya ne zuwa uku. Bangonta siriri ne ƙwarai, kaurinsa ƙwayoyin halitta biyu kacal. A gefe ɗaya akwai baki, a bakin akwai ƙofa wadda ciki kawai take buɗewa. Kewaye da bakin wasu dogayen gasu ne kamar gashin baki, suna karkato 'yan halittu zuwa ƙofar. A jikin ƙofar kanta kuma akwai wasu 'yan gasu masu tauri, su ne kunamar tarkon.

Wanda ya taɓa ganin wanzami yana yin ƙaho zai gane abin da ke biye. Wanzami ya ɗora ƙaho a baya, ya tsotse iskar ciki, ya toshe ɗan ramin. Me ke faruwa? Fata ta tashi ta shiga cikin ƙahon, saboda abin da ke waje ya fi na ciki ƙarfin dannawa. Mai salka ma haka yake yi, sai dai shi ruwa yake fitarwa. A cikin salkar akwai 'yan ƙwayoyin halitta da aikinsu ke nan, su yi ta kwashe ruwa suna turawa waje ta cikin bango, har wajen kashi 40 cikin 100 ya fita. Sai bangon ya lotse ciki, kamar kumatun wanda ya tsotsi lemon tsami. Ƙofar tana rufe gam, wata yauƙi ta liƙe gefenta, ko ɗigo ba ya shiga. Tarko ya haɗu ke nan.

Sai ga wani ɗan ƙwaron ruwa yana kiwo a jikin gashin, ya gogi kunamar. Ƙofar da ke gantsare waje sai ta lanƙwashe ta faɗa ciki, bango ya koma yadda yake, ruwa ya kwarara ciki da duk abin da ke bakin ƙofar, ƙofa ta koma ta rufe. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Duk wannan a cikin wane lokaci? Mukan ce ƙiftawa da bismilla idan muna nufin sauri. Ƙiftawar ido tana cin aƙalla kashi ɗaya cikin goma na sakan. A 2011 masu bincike a Grenoble ta Faransa da Freiburg ta Jamus suka ɗauki hoton tarkon da kyamara mai ɗaukar dubban hotuna a sakan ɗaya. Suka ga zuƙar tana gamawa kafin kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Wato kafin ka ƙifta sau ɗaya, lokacin ya isa a yi irinta fiye da sau ɗari. Ƙarfin fizgar ruwan kuma yana kaiwa ninki 600 na ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi. Matuƙin jirgin yaƙi da aka horar, da kayansa na musamman, ba ya daɗewa a ninki tara. Babu ƙwaron da zai iya iyo ya tsere wa wannan.

Na san wani zai ce: abin da ba shi da tsoka, ba shi da jijiyar saƙo, daga ina ya samo wannan sauri? Ku tuna da baka. Maharbi a hankali yake ja, ƙarfin ya taru a jikin itacen, sakin ne ke zuwa farat ɗaya. Salka ma a hankali take tara ƙarfinta a jikin bango lokacin da take kwashe ruwa. Ƙwaron bai kawo ƙarfin komai ba, taɓa kunama kawai ya yi. Bayan minti 15 zuwa 30 ta sake ɗanuwa, tana jiran na gaba.

An daɗe kafin a gane haka. Da farko masana sun ɗauka salkunan nan na iska ne, don tsiron ya yi yawo a kan ruwa. Charles Darwin, a littafinsa na tsirrai masu cin ƙwari da ya fito a 1875, ya ga gawarwakin 'yan halittu a ciki, ya kuma gane tsiron na amfana da su. Amma a ganinsa su ne ke tura ƙofar da kai su shiga, kamar yadda kifi ke shiga sankiya ya kasa fita. Wata mata mai suna Mary Treat a garin Vineland na jihar New Jersey a Amurka, wadda suke musayar wasiƙu da shi, ta ce ba haka ba ne. Ta zauna sa'o'i masu yawa tana kallo ta madubin ƙara girma, ta ga ana fizgar tsutsa ciki, ba da ƙafarta take shiga ba. A 1876 ta buga abin da ta gani, duk da ya saɓa wa maganar masanin da duniya ke ji da shi. Bincike na baya ya tabbatar ita ce ta gani daidai, kuma Francis Lloyd na Jami'ar McGill a Kanada ya tattara bayanin tarkon dalla-dalla a littafinsa na 1942. 'Yan'uwana ɗalibai mata da ke zaune a nan, ina so ku riƙe sunanta. Ba ta da babban ɗakin gwaji, madubi ɗaya gare ta da haƙurin zama.

Na huɗu: me yake ci, kuma me ya kai shi?

Abincinsa 'yan ƙananan halittun ruwa ne: ƙuman ruwa da danginsu, da tsutsotsi sirara, da tsutsar sauro. Manyan salkuna sukan kama ɗan talibamban, kuma tun 1884 aka ba da rahoto daga Oxford cewa an ga sun kama 'ya'yan kifi da ba su daɗe da ƙyanƙyasa ba. Idan abin ya fi salkar tsawo, kamar tsutsar sauro, sai ta kama wutsiya, ƙofar ta matse ta, ta sake kwashe ruwa ta sake zuƙa, haka da kaɗan-kaɗan har ta haɗiye. A cikin salkar kusan babu iskar shaƙa, saboda haka abin da ya shiga shaƙewa yake yi ya mutu. Daga nan wasu 'yan ƙwayoyi masu yatsu huɗu da ke jikin bangon ciki su zubo sinadaran narkarwa, su kuma tsotse abin da ya narke.

Amma me ya kai shi? Tsiro ne kore, yana haɗa abincinsa da hasken rana kamar gero da dawa. Abin da yake nema a jikin ƙwaro shi ne naitirojin da fosfaras, waɗanda manomi ke saye a buhun takin zamani. Mai salka mazaunin ruwa ne mai ƙarancin waɗannan sinadarai, ruwan da wasu tsirrai za su rame a ciki. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Wannan ita ce maganar da na fi so ku tafi da ita: farautar nan amsa ce ga talaucin ruwan da yake ciki. Kuma ba kyauta take zuwa masa ba. Salka tana cin ƙarfi da yawa wajen kwashe ruwa dare da rana, kuma ba ta kai ganye haɗa abinci ba. Lubomir Adamec na cibiyar binciken tsirrai da ke Trebon a Jamhuriyar Cek, wanda ya daɗe yana auna waɗannan tsirrai, ya nuna cewa tsiron yana daidaita yawan salkunansa da halin da yake ciki. Idan naitirojin ya yi ƙaranci a jikinsa sai ya ƙara tarko, idan ya wadata sai ya rage. Lissafin magidanci ne sak.

Akwai kuma abin da ya dagula wa masana lissafi. Tarkon yana tashi da kansa lokaci-lokaci, ko babu wanda ya taɓa shi, ya zuƙi duk abin da ke yawo a ruwa. Masu bincike a Jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya sun buɗe salkuna masu yawa suka ƙirga abin da ke ciki, suka buga sakamakon a 2015. Dabbobi wajen kashi 10 cikin 100 ne kawai. Fiye da rabi gansakuka ce, sannan garin fure da iska ta zubo a ruwa. Bayan haka, a cikin salkar akwai 'yan halittun da ido ba ya gani waɗanda ba sa mutuwa. Can suke zaune suna hayayyafa, suna farfasa abin da ya shigo, tsiron kuma yana zuba musu wani kaso na abincin da ya haɗa. To jama'a, wannan mafarauci ne ko makiyayi? Ni dai abin da yake tuna mini shi ne tumbin saniya, inda ƙwayoyin halitta ke narkar da ciyawar da saniya ba za ta iya narkarwa ita kaɗai ba. A ganina salka ta fi kusa da tumbi mai ƙofa fiye da tarko zalla.

Na biyar: yadda yake girma

Ta kai yake girma, ta gindi yake mutuwa. Idan ruwa ya yi ɗumi kuma da rana, kan zaren yakan fitar da sabuwar gaɓa ɗaya zuwa huɗu a yini, kowace da ganyenta da salkunanta. A daidai wannan lokaci gindin yana ruɓewa yana kakkaryewa. Shi ya sa tsawonsa ba ya cika canjawa, kuma babu wani sashe na jikinsa da ke daɗewa. Koren kai da baƙin gindin da na gani a kwalba, yaro ne da tsoho a jikin zare ɗaya. Idan ya yi reshe, ruɓewar na isowa mararrabar sai reshen ya balle ya zama tsiro mai zaman kansa. Ɗan guntu ma ya isa. Gibba ya shiga Niyu Zilan ya yaɗu a tafkunan arewacinta, har ana lissafa shi cikin baƙin tsirrai masu cutar da na gida.

A ƙasashen sanyi irin na Turai, da kaka ta yi sai kan zaren ya dunƙule ya zama ƙullutu mai kamar ƙwayar wake, cike da guzuri. Sauran jikin ya mutu, ƙullutun ya yi zamansa a ƙasan ruwa har ƙanƙara ta narke, sannan ya taso ya warware. Mu a nan sanyi bai kai ya kashe shi ba, rani ne abin tsoronsa. Kududdufi ya ƙafe, laka ta tsattsage, jikin da ba shi da saiwa ba shi da wurin ɓuya. Abin da ke tsallake rani shi ne iri. Furen da ya leƙo sama ya zubar da 'ya'yansa ƙanana a laka, su jira ruwan baɗi.

Na shida: mu da shi

Na san tambayar da ke bakin mutane da yawa: tunda yana cin tsutsar sauro, me zai hana a zuba shi ko'ina a huta da zazzaɓin cizon sauro? Ina roƙonku mu yi hattara da wannan fata. Gaskiya ne yana cin ta. Amma sauron da ke kawo mana zazzaɓi ya fi son ƙananan ruwaye na 'yan kwanaki, sawun kofaton shanu, ramin da aka haƙi ƙasar bulo, kwarin da tayar mota ta bari a kan hanya. Mai salka ba ya rayuwa a irin waɗannan. Kada kowa ya bar gidan sauronsa saboda wannan lacca.

Amfaninsa gare mu ta wata fuska ne. Tunda mazaunin ruwa mai ƙarancin taki ne, idan takin gona ko ruwan kwata ya yi ta gangarawa cikin tafki, gansakuka ce ke samun gari. Ta yi kauri, ta naɗe shi, ta tare masa rana, ya mutu. Abin da yake kashe kansa yana nema, idan ya yi yawa a ruwa, shi ke kawo ajalinsa. Yana da wani abokin sana'a mai suna Aldrovanda, shi ma ba shi da saiwa, sai dai nasa tarkon rufewa yake yi kamar tafin hannu biyu. A da yana yaɗe a Turai da Asiya da Afirka da Ostareliya. Yau ya ɓace daga ƙasashe da dama na Turai saboda gurɓatar ruwa da busar da fadamu, kuma yana cikin jerin tsirran da ake tsoron ƙarewarsu.

Mu ma ruwayenmu suna sauyawa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar fadamun Haɗejiya da Nguru ya canja, kacalla ta mamaye wurare masu faɗi. Manoma da masunta sun fi kowa sanin wahalarta. Inda kacalla ta rufe ruwa ta tare rana, ɗan tsiro mai yawo a ƙasan fuskar ruwa ba shi da wurin zama. Abin yana damuna ƙwarai, domin muna iya rasa shi a wuri kafin yaran wurin su taɓa ganinsa.

Saboda haka ina da roƙo ga 'yan'uwana malaman kimiyya. Darasin nan ba ya bukatar kayan da za a yi oda daga waje. Ku je kududdufi a ƙarshen damina, ku nemi ɗan fure ruwan ɗorawa ko fari-fari da ke tsaye a kan ruwa, ku ɗebo kaɗan da ruwan wurin a kwalba mai haske, ku bar sauran. Kada ku zuba masa ruwan famfo, kada ku sa masa taki. Ku ajiye shi kusa da taga inda rana ba ta duka kai tsaye. Ku sa ɗalibai su ɗaura ɗan zare a gaɓa ta ƙarshe, bayan kwana uku su ƙirga sababbin gaɓoɓin da suka fito a gabanta. Idan akwai madubin ƙara girma a makaranta, a fasa baƙar salka ɗaya a duba abin da ke ciki.

Na zo da kwalba ɗaya, ga ta nan a kan tebur. Bayan an tashi, duk mai so ya matso ya ɗaga ta wa haske, gani ya kori ji.

  Idan a cikinmu akwai masunci ko manomin fadama da ya saba cin karo da wannan tsiro a komarsa ko a gonarsa, ina so in ji sunan da ake kiran sa da shi a garinsu da abin da ya lura da shi. Yanzu kuma, da izinin shugaban wannan zama, fili na masu tambaya ne.